Taken da Baba Nomau Ya Daina Kaɗawa

Damina tara ke nan rabona da gida. Tun shekarar da aka fara rububin noman gyaɗa ban sake taka ƙasar Kibiya ba, ina nan Bukuru ina ɗaukar kwanon ƙasa a ramin kuza. A nan labarin ya same ni, ranar Lahadi da hantsi, ranar da ba a shiga rami. Ina zaune bakin kasuwa ina ɗinke takalmina, sai ga ayarin jakuna daga arewa da albasa da barkono, a cikinsu har da Sule taubashina. Duk zuwan da Sule yake yi, tun daga nesa yake fara mini tsiya, yana cewa ga bawansa can jar ƙasa ta mai da shi gara. Ran nan babu tsiya. Ya sauke jakinsa, ya zo ya tsuguna, ya gaishe ni kamar mai gaida suruki.

Ya ce, "Ilu, sai haƙuri. Baba Nomau ya riga mu gidan gaskiya. Yau kwana goma sha biyu."

Na yi salati, na ajiye takalmin. Na tambaye shi ko ya daɗe yana jinya, ya ce kwana uku ne, zazzaɓi. Na daɗe ina juya tambaya ta biyu a bakina kafin na sake ta.

"Ya ambace ni?"

"Da ƙarya tana da amfani da na yi maka. Bai ambace ka ba. Amma akwai mai nemanka. Audu, ɗan marigayi Sarkin Noma Bawa na Saji. An ba shi sarautar ubansa, zai yi gayyarsa ta farko da daminar nan, kuma yana so a kaɗa masa taken ubansa. An bi makaɗan Rano da Kibiya kaf, ba wanda ya iya shi. Baba bai sake kaɗa shi ba tun ran nan, bai kuma koya wa kowa ba. Kai kaɗai ka rage. Sun ce in zo da amsa."

Shi ya sa na rubuta wannan takarda, Sule ya kai ta Kahu, garin Baba, a karanta ranar sadakar arba'in. Ta'aziyya ce, kuma amsar Audu tana cikinta.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kaɗa kazagi a bayan Baba Nomau. Na shiga hannunsa da gemuna, ba yaro ba ne ni. Mu biyar ne: shi da babbar gangar noma, mu biyu masu kazagi, mai ƙaramar gangar kurya, sai maroƙin da yake yi wa manoma kirari. A nan bariki na ga makaɗa iri-iri. Na ga sojan Nasara da badujalarsu suna tafiya ƙafa ɗaya, na ga masu goge da masu garaya, na ga mutanen kan dutse da sarewarsu. Duk akan taru a kalle su a watse. Kiɗan Baba ba a kallonsa a tsaye, don in ya kama ka sai ka ga garma a hannunka ba ka san wanda ya ba ka ba.

Wanda ya ga gayyar fadamar Kahu zai shaide ni. Garma ta fi ɗari a jere, an yi ruwa jiya, ƙasa tana ƙamshi. Baba ba ya farawa da ƙarfi. Sai ya bar mu masu kazagi mu yi ta sassaƙa, shi kuwa yana bin bayan sahu da gangarsa a rataye, gula a hannu, kamar wanda ya zo neman akuyarsa. Mutane su ƙosa, su fara waiwaye. Can sai ya sake ta sau ɗaya. Sahun nan gaba ɗaya ya sunkuya kamar dawa in iska ta bi ta kanta. Daga nan fa ba sauran magana. Ya kira wannan da takensa, mutum ya yi kururuwa ya tsaga kunyar noma, kafin ya kai ƙarshe Baba ya sake shi ya kira na kusa da shi. Mata masu kawo fura su tsaya da ƙorai a ka su manta su sauke, Fulani su bar shanu su zo bakin gona. Ran nan wani Bature mai zagayen haraji ya ja linzami ya daɗe yana kallo, ya sa tafinta ya tambaya wa yake biyan mutanen nan suke aiki haka. Aka ce ba kowa. Baba bai daina kiɗa ba, ya ce wa tafintan, "Tambaye shi ko yana da take, in kaɗa masa ya sauko."

Har yau abin da nake ta juyawa a raina shi ne yadda yake yin take. Kowane gwanin noma yana da nasa, kiɗan da in ya ji ya san da shi ake, kuma ɗa yana gadonsa wurin uba kamar gona. In sabon gwani ya fito wanda ba shi da na gado, Baba ba ya tambayarsa komai. Sai ya bi shi a kasuwar Kibiya, kasuwa biyu ko uku, daga 'yan hatsi zuwa 'yan gishiri, yana kallon tafiyarsa. Na taɓa tambayarsa me yake nema. Ya ce, "Kowa da takensa yake yawo, ni ɗauka kawai nake yi." Ban gane ba sai da ya yi wa wani mai ɗingishi na Saji take, kiɗan yana ɗan tsallake a bugu na uku daidai yadda mutumin yake jefa ƙafa. Mun ɗauka zai ji haushi. Mutumin nan kuka ya yi, ran nan kuwa ba wanda ya riga shi fita kunya.

Baba ba ya kaɗa wa wanda yake gaba. Yakan ce na gaba ya riga ya ji daɗi, a kaɗa wa na biyu. Ba ya kallon fuskar manomi, wai fuska maƙaryaciya ce, dunduniya yake kallo, in ta fara jan ƙasa sai ya sassauta wa mutum ba tare da kowa ya lura ba. Da kaka in manoma sun aiko da dammunan dawa da gero, shi yake ɗauka a ƙarshe. Gonar gwauruwa kuwa da kansa yake zuwa ya ce a kira gayya, ba ya karɓar ko zangarniya. Sai dai mutum ne mai rowar magana. Abin da zai faɗa maka da baki ɗaya ya fi so ka yi shekara uku kana lalube. Wannan hali nasa ne ya haɗu da wautata ranar gayyar Saji.

Ran nan rana ta ɗaga, aiki ya yi zafi, sai ya cire gangar ya rataya mini. Bai taɓa yi ba. Ya ce, "Riƙe, ina zuwa," ya nufi gindin tsamiya wajen dattawa. Na kama, hannuna ya zauna, sahu bai yanke ba. Na kira mutum uku da takensu, duk suka amsa. Kaina ya kumbura. Sai matasa suka fara nuna mini Sarkin Noma Bawa, yana zaune bakin gona cikin riga, da sanda a gefensa.

"Makaɗi, ga zaki kana kiran kuraye."

"Tsoro yake ji, taken manya ya fi hannunsa."

"Bar shi, ɗan kazagi ne, aron ganga aka ba shi."

Wannan ta ƙarshe ita ta shige ni. Na juya na saki taken Bawa. Na kaɗa shi da kyau, wannan kam ko maƙiyina ba zai musa ba. Tsohon ya ɗaga kai. Na ga ya dafa ƙasa, ya miƙe, ya tuɓe riga ya jefar, ya fizge garma a hannun wani. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya yi kunya ɗaya kamar saurayi, ya juyo ya kama ta biyu. A tsakiyarta ya durƙusa, jini yana fita ta bakinsa. Kafin la'asar ya cika.

Baba ya zo, bai ɗaga murya ba. Ya zare gula daga hannuna a gaban mutanen gari uku, ya cire gangar daga kafaɗata, ya ce, "Mai take ba shi da a'a. Kai ne a'arsa." Bai ƙara mini ko kalma a kan maganar ba, ran nan ko bayan ran nan. Na yi wata biyu ina zuwa ƙofar gidansa, yana amsa gaisuwata kamar baƙo. A Saji kuwa in na wuce sai mata su ja 'ya'yansu. Da aka zo neman leburan kuza na bi su.

Zan faɗi abin da yake cina, ko da a zaman makoki ne, don ban iya yabon da ba gaskiya a cikinsa. Daga baya na ji cewa da sassafen ran nan uwargidan Bawa ta aika wa Baba cewa maigidan ya yi wata guda yana tarin jini, don Allah kada a kira shi. Baba ya sani, ya rataya mini ganga bai gaya mini ba. Kalma huɗu da ta isa. Na yi shekaru ina ɗaukar kwano a ka ina maimaita wannan, har ya zame mini kamar tasbihi. Amma in zan yi adalci, ya gaya mini tun da daɗewa, sau ba iyaka. Manomin da ya zo gayya cikin riga bai zo noma ba. Wanda ya zauna a ƙasa alhali ana kiɗa, akwai abin da ya zaunar da shi. Na ga rigar, na ga sandar, kunnena ne yake wajen masu zuga.

Abin da ban sani ba, kuma yanzu ba mai gaya mini, shi ne me ya sa ya binne taken. Fushi da ni ne, ko da kansa? Sule ya ce duk shekara da kaka Baba yakan aika wa gidan Bawa dami biyar daga rabonsa, bai taɓa cewa na mene ne ba. Ya ce kuma tun ran nan bai sake rataya wa kowa gangar ba, ko da zai je shan ruwa da ita yake zuwa. Mutumin da ya ɗora wa wani laifi duka ba ya yin haka. Ina jin mu biyu muka ɗauki kayan nan, kowa a garinsa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa sannu. Da na koma ko sau ɗaya, wataƙila da na ji. Girman kai ya hana ni, ba nisa ba, don Sule yana yin tafiyar nan sau uku a shekara da jaki mai ciwon baya.

Bayan Sule ya gama sayar da albasarsa, na kifa kwanon aikina a bayan bukka na gwada da yatsu. Hannun ya yi kanta, ya yi nauyi. Sule yana tsaye yana dariya, tsiyarsa ta dawo.

"Wannan kiɗa ne ko kana kiran kaji?"

"Kai da ba ka san kiɗa ba sai kukan jaki, yi mini shiru."

Na bi taken manoma ɗaya bayan ɗaya, daga mutanen Kahu zuwa na Saji zuwa na cikin Rano. Wasu na kama kansu gindin ya ɓace. Wasu ko sunan mai su ban tuna ba. Na Bawa na bari a ƙarshe, ina fatan ya tafi. Yana nan garau, ba abin da ya ragu. Da na kai ƙarshensa Sule ya daina dariya, ya ce, "Shi ne."

To, Audu, ga amsarka. Zan zo kafin a fara huɗa. Taken na ubanka ne da kakanka, ba ni da ikon riƙe shi, ba kuwa zan bari ya mutu a ramin kuza ba. Amma ba zan kaɗa maka ba sai na tsaya a ƙofar gidanka na ji daga bakin iyalinka cewa lafiyarka ƙalau. In kuma ka ga fuskata ka ji ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba. Ka ba ni makaɗin da ka yarda da shi in koya masa, in juyo.

Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya haskaka kabarinsa, ya sa gumin da aka zubar a gonakin gwauraye saboda gangarsa ya zame masa inuwa ranar da ba inuwa. Abin da yake tsakanina da shi na yafe, ina roƙon iyalinsa su yafe mini a madadinsa. Allah ya jiƙan Sarkin Noma Bawa. Allah ya ba Inna Kande, uwargidan Baba, da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashi, ya rufa musu asiri, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Kada kowa ya fito tarye yana tsammanin kayan bariki. Abin da na tsira da shi a damina tara shi ne bargo ɗaya, riga biyu, da take talatin da ɗaya cikakku. Akwai wasu shida rabi-rabi. Sauran sun bi Baba.