Ramuka Uku a Gonar Baba

A ranin shekarar da na yi aure, shekaru kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki, ina da rumfar dukanci a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye da ke kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, ba nisa da dajin Falgore. Ina ɗinka takalma da kube da zabira, ina rufe wa malamai layu. Da damina kuwa ina gona tare da Baba kamar kowa.

A bayan garinmu akwai wani tsohon Bature da ya gina ɗan gida mai rufin kwano. Ya daɗe yana aikin haƙar kuza a duwatsun kudu, da ya yi ritaya sai ya ƙi komawa ƙasarsu. Ya ce matarsa ta rasu, sanyin can yana cin gwiwoyinsa, kuma fanshon da ake aiko masa in ya kai shi can ba zai wuce na shayi ba, amma a nan ya ishe shi har da ɗaukar kuku. Yana jin Hausa sosai, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Sai ya ce "Inna ya zo", ya ce "Baba ta fita". A nan zan gyara masa maganarsa, don girman furfura.

Wata safiya bayan an kwashe dawa an tara kara, ya yi sallama a zaurenmu rataye da wata doguwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe. Suka gaisa da Baba, aka tambayi gajiya da iyali, sannan ya ce, "Malam, aron gona na zo yi."

"Da rani?" in ji Baba. "Me za ka shuka?"

"Ba shuka zan yi ba. Wasa zan yi."

Baba ya dubi farin kan Baturen. Ni kuwa ina gefe na sunkuyar da kai don kada dariya ta ƙwace mini.

Bature ya zaro wani farin ƙwallo kamar ƙwan zabuwa ya yi bayani. Sunan wasan golf. Ana dukan ƙwallon da sanda, a bi shi, a sake duka, har ya faɗa rami. A birni akwai filin da Turawa ke yi, amma sai ka biya kuɗin shekara, ka zuba wa mota mai, ka biya masauki, in an tashi kuma ka saya wa abokan wasa abin sha don kada a ce ka tsiyace. "Lokacin da nake aiki ban ji nauyinsa ba," in ji shi. "Yanzu in na je sau biyu, sai kukuna ya yi wata yana dafa mini wake."

Ya nemi Baba ya faɗi kuɗin haya. Baba ya ce ba a karɓar kuɗi a kan ƙasar da ke hutawa, amma akwai sharaɗi. Kada ya kori shanun Fulani da ke kwana a gonar, don takinsu muke so. Kuma ranar da ruwan shuka ya sauka, wasa ya ƙare.

Bature ya so ya kwaɓa yashi da baƙin mai ya shimfiɗa a kewayen kowane rami, yadda ake yi a birni, don ƙwallo ya yi gudu sumul. Baba ya ce ba a gonarsa ba. Inna ce ta ji zancen daga cikin gida ta aiko cewa in santsi yake so, ai daɓe ya fi. Ranar da aka sa, matan unguwarmu suka fito da madaɓai, suka daɓe wuri uku, kowanne faɗin tabarma biyu, suna waƙa suna shewa kamar ana gyaran ɗakin amarya. Bature ya sayi goro da fura ya raba, ya binne gwangwani a tsakiyar kowane daɓe, ya kafa kara da jan tsumma a kai. Ya tsaya yana shafa wurin da tafin hannu, ya ce ko a birni babu irinsa.

Da ƙwallo goma sha ɗaya ya fara. Kafin wata biyu sun koma biyu. Wasu sun shige ramin gafiya, wasu sun faɗa cikin ƙaya, shirwa ta sure ɗaya a kan idonsa, ya bi ta da gudu yana ɗaga sanda har hularsa ta faɗi. Sabbi kuwa sai an yi oda daga ƙasarsu, su yi watanni a jirgin ruwa, ga tsada. Shi ya sa wata rana da hantsi ya zo rumfata ya ajiye guda a kan fatar da nake yanka.

"Baduku, za ka iya yin irin wannan?"

Ina da ƙuruciya a kaina, na ce babu abin da zai gagara.

Na farko na ɗinka shi da fatar akuya na cusa audugar rimi har ya yi tauri. Muka tafi gona. Bature ya gyara tsayuwa, ya murza kafaɗa, ya kai masa duka. Sai muka ga fari ya tashi ko'ina kamar an fige kaza a cikin iska, fatar kuma ta tsaya a ƙafarsa. Ya tofar da auduga daga bakinsa ya ce, "Ya yi kyau, amma bai je ko'ina ba."

Na biyu ƙwallon goruba ne, na kankare shi na rufe da fata. Wannan ya tafi, sai dai ba inda aka aike shi ba. Ya yi gabas, ya karkata kudu, ya dira a gindin wani bijimi da ke kwance. Bijimin ya miƙe, mu ma muka miƙe, ban san tsoho mai ciwon gwiwa zai iya riga ni hawa kan tarin kara ba sai ran nan.

Na uku shi ne ya yi. Bature ya kawo mini tsohuwar robar cikin tayar motarsa, na yanka ta siri-siri kamar tsirkiya, na naɗe ta a kan ƙaramin dutse ina ja iya ƙarfina, na rufe da kirgi mai laushi, na ɓoye ɗinkin a ciki, na shafa masa farar ƙasa. Da muka je gwaji ya ce, "Kai ka yi shi, kai za ka fara duka."

Ya nuna mini yadda ake riƙe sanda. Na kai duka na farko na kwashi ƙasa. Na biyu na dake iska har na juya na fuskanci gari. A na uku na ji wani ɗan sauti, ƙwas, hannuna bai ji nauyin komai ba, sai ga farin abu yana hawa sama, yana hawa, ya tsallake kukar tsakiyar gona ya sauka yana tsalle. Ban san lokacin da na fara dariya ba. Na tattare rigata na sheƙa da gudu ina bin abina, Bature yana bayana yana ɗingishi yana dariya har da tari. Da na same shi a cikin kututturen dawa na ɗaga shi na duba, ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Na ce a bar ni in ƙara ɗaya. Sai da aka kira azahar muka bar gonar.

Daga ranar na lalace. Ina yanka fata ina tunanin kukar nan. In na tafi masallaci ina auna nisan zaure da ido, ina cewa duka biyu zai kai. Abin har ya shiga gida. Amaryata, da ta sha jin labari a bakina, ta ɗauki muciya ta gwada da ƙwallon goruba a tsakar gida, ta fasa wa Inna tulu. Da na shigo na tarar da su biyun suna kwashe ruwa, Inna tana faɗa tana ƙunshe dariya. Amaryar ta matso ta ce a hankali, "Maigida, tulun na auna, kuma na samu."

Aiki kuwa ya taru. Wani Bafulatani da ya ba ni ɗinkin kuben takobinsa ya zo sau uku bai same ni ba, a na huɗu ya bi ni gona. Ya tsaya yana kallonmu, sanda a kafaɗa, sannan ya ce in ba shi sandar wasan ya gani. Bai gyara tsayuwa ba, bai cire malafa ba, da hannu ɗaya ya make ƙwallon ya wuce duk inda muka taɓa kaiwa. Bature ya riƙe baki, ya roƙe shi ya ƙarasa shi cikin rami. Bafulatanin ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya wahalar da kansa a kan gwangwani ba, a ba shi kubensa kawai.

Maganar ta kai kunnen Baba. Bayan la'asar ya kira ni zaure, ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci yana jan carbi.

"Shi Bature ya gama aikinsa aka sallame shi, shi ya sa yake wasa," in ji shi. "Kai wa ya sallame ka?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Ya yanke cewa ba zan taka gonar ba sai ranar da na gama aikin da ke gabana, shi ma sai bayan la'asar.

Kwana uku Bature yana wasa shi kaɗai. A rana ta huɗu ya zo rumfata tun da safe, ya ajiye jakarsa, ya zauna a kan buzu ya miƙe ƙafafu. Ya ce wasan ba ya daɗi in babu wanda zai yi maka dariya, don haka in ba shi abin da zai iya, mu gama da wuri. Na ba shi murza zare da shafa masa kakin zuma. Daga baya ya koyi huda fata da basilla, ya soki yatsansa ba sau ɗaya ba, yana zagin basillar da Turanci. Masu wucewa kasuwa sukan tsaya su yi cirko-cirko suna kallon mutumin da ya yi mulkin ɗaruruwan leburori yana tambayata, "Maigida, wannan ya yi ko in sake?" Ciniki ya ƙaru, don wasu ba takalmi ya kawo su ba, amma kunya ta sa su saya. Muna jin kiran la'asar sai in yi salla, mu naɗe fatu mu nufi gona, wani lokaci har muna rige-rige.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da sassafe Baba ya fita da sungumi. Bature ya zo ya tono gwangwanayensa da kansa, ya wanke su, ya kai rumfa muka mayar da su mazubin allura da zare. Bai roƙi a bar masa ko taƙi ɗaya na gonar ba. Daminar nan duk ranar da ba mu je gona ba yana rumfa, har ya ɗinka wa Baba takalmi da hannunsa. Na dama ya fi na hagu tsawo da kusan yatsa biyu. Baba ya juya su ya duba, ya sa albarka, ya saka su ya tafi sallar Juma'a, muna jin ƙafa ɗaya tana fat-fat a ƙasa tun daga ƙofar gida har ya sha kwana.

Rani uku muka yi a haka. A na huɗu gwiwoyin suka kayar da shi, aka zo da mota aka tafi da shi asibiti a birni, daga can wani ɗan ƙanensa ya mayar da shi ƙasarsu. Ya aiko da wasiƙa sau ɗaya, malamin makarantar Tudun Wada ya karanta mana. Ya gaishe da kowa, ya ce akwai filin wasan kusa da inda yake amma ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma ya tambaya ko akwai hanyar da za a aiko masa da basilla da fatar akuya guda biyu, ja da baƙa.