Ɗan zabon da ke gidanmu

A ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe, da an ci tuwo lokacin sanyi sai kakarmu Iya ta hura wutar kara, mu kewaye ta. Wurina a damanta yake, na Agali a hagunta. Agali ɗan wata Buzuwa ne da ta rasu a ƙofar gidanmu shekarar babban fari, lokacin ina goye. Innata ta ɗauke shi, muka sha nono ɗaya.

Iya tana da tatsuniyar da ta maimaita har muka ƙosa. Wai kaza ce ta kwanta a kan ƙwai, ashe akwai na zabuwa a ciki. Da yunwa ta zo, sarkin tsuntsaye ya ce za a raba tsaba, amma kowa ya zo da 'ya'yan cikinsa kaɗai. Aka ga mai zane-zane a bayan kaza, aka ce a fitar da shi. A nan Iya takan maƙale murya ta yi ta kaza: "Wanga ɗana na! Wanda duk ya ji ɗumin cikina, ni na haihe shi." Mukan fashe da dariya, ni har da tsokanar Agali da kukan zabo. Iya ta kai mini dungure: "Kai, ja'iri, mi ka sani?"

Ashe ba don mu kaɗai take yi ba. A fari na biyu sojoji suka kawo dawar taimako, ana ba kowane mai gida gwargwadon iyalinsa. Wani soja ya nuna Agali ya tambaya ko ɗan wa ne. Baba ya ce, "Ɗana na," ko ƙiftawa bai yi ba. Na tabbata muryar Iya ce ta fito ta bakinsa.

Da Baba ya rasu muka je gaban alƙali rabon gona. Ya yi mana bayani a natse: nono yana haramta aure, amma ba ya ba da gado. Wato Agali ɗan'uwanmu ne idan ya dubi ƙannena mata, bare ne idan ya dubi gonar da ya nome tun yana yaro. Alƙali bai yi kuskure ba, kuma bai hana ni yanka masa daga rabona ba. Gonar ce ƙarama, iyalina kuma da yawa. Abin da nake faɗa wa kaina ke nan har yau, kuma ban taɓa yarda da shi ba.

Yanzu Agali yana tura ruwa a Tasawa. Kowace kaka nakan kai masa damman gero. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah shi saka da alheri." Wannan godiyar ce ke ci mini rai, domin a gidan Iya ba a taɓa yi wa kowa godiyar tuwo ba, sai baƙo.