Hannun Ƙarfen Da Ba Ya Kai Kunne

Ƙarya ce, kuma ku daina maimaita ta! Kullum sai wani ya fito ya ce wai 'yan wasan ƙwallon besbol na da ba sa jin ciwo, na yanzu kuwa ƙwai ne, da an taɓa sai fashewa. To wa ya ƙirga na da ɗin? Wanda hannunsa ya mutu yana saurayi ba a faɗin sunansa a rediyo, addar yankan rake ake miƙa masa. A garinmu, nan bayan San Pedro, ba a taɓa cewa mai jifan ƙwallo ya ji ciwo. Cewa ake yi "ya koma rake". Shi ke nan, an binne magana.

Uban masu wannan ƙaryar shi ne Baba Fulgencio. A zamaninsa shi ne mai jifan ƙungiyar kamfanin sukari, ana yi masa kirari da Hannun Ƙarfe. In daga bakinsa ka ji, ranar Lahadi wasa biyu yake jefawa shi kaɗai, safe da yamma, ya shafa giyar rake a kafaɗa, ya kurɓe sauran, washegari ya kama aiki a inji. Yanzu sana'arsa buga domino a ƙofar shagon Nicanor, ido a kan talabijin, baki a kan 'yan zamani.

"Dubi wannan! An cire shi wai ya gaji. Ko hularsa ba ta jiƙe ba! Mu sai an kashe fitilar fili ake raba mu da ƙwallo."

"Wace fitila?" in ji Nicanor. "Filin da ko ashana babu?"

"Rufe mini baki, kai da ko akuya ba ka taɓa jifa ka samu ba."

Wanda ya fi shan wannan bakin shi ne Wilmi, jikan ƙanwarsa. Ya je Amurka yana jifa kamar aradu, jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, likitoci suka tsaga suka ɗinke, ya dawo gida jinya da tabo zungurere. Tun ranar Baba ya raɗa masa suna Tangaran.

"Tangaran! Zo in ga ɗinkin. Kai, telan nan ya iya aiki. Ba su sa maka maɓalli ba?"

"Kaka, jifan da nake yi ko motar Nicanor ba ta kamo shi. Ku a da lallaɓa ƙwallo kuke yi kamar mai miƙa ƙwai."

"Ka ji mara kunya!"

Abin da kowa ke gani ba ya faɗi shi ne, da hagu Baba yake maka domino a tebur. Da hagu yake shan kofi. A coci da hagu yake alamar gicciye, har fada ya gaji da hararar sa. Hannun dama yana zaune cikin aljihu kamar ɓarawon da ya ji jiniya. In an tambaya sai ya ce ajiyarsa yake yi, ba a ɓata harsashin giwa a kan ɓera.

Ana nan aka gyara filin gari, aka shuka ciyawa, aka kafa fitilu na gaske. 'Yan kwamiti suka zo har teburin domino suka sanar: ranar buɗewa Hannun Ƙarfe ne zai yi jifan farko, Wilmi kuma ya cafe. Aka ɗau tafi. A gaban mutanen da ya cika wa kunne duk tsawon shekarun nan, ta wane baki zai ce a'a?

A gida matarsa Ercilia ta ajiye masa dakakkiyar ayaba ta tsaya a kansa.

"Tsoho, ka ce mura kake yi."

"Ni? Bayan na ƙare rayuwata ina zagin masu mura?"

"To ka jefa da hagu."

"Hannun Ƙarfe dama ne, mace!"

"Ƙarfen ya yi tsatsa tun kafin a haifi uwar Wilmi. Ni ke sa maka riga, ni ke taje maka kai, ni za ka yi wa burga?"

Baba ya miƙe. Ya zaga bayan gida ya tsinki lemo don gwaji. Lemon farko ya sauka a kan kazar da ke kiwo a gindin ƙafarsa.

Ranar buɗewa fili ya cika, ga kiɗa, ga masu soya ayaba. Aka jera sauran tsofaffin masu jifan kamfani a kujerun gaba. Mai lasifika ya kwarara murya: "Jarumanmu na jiya, waɗanda ba su san asibiti ba! Ku ɗaga hannu jama'a su gan ku!"

Suka ɗaga. Hagu, hagu, hagu, har ƙarshen layi. Mutum ɗaya ne ya ɗaga dama, shi ma da hagun ya tallabo ta. Wata mata ta fara ƙyalƙyala dariya aka toshe mata baki.

Baba ya hau tudun jifa. Ya gyara hula, ya tofar da yawu, ya ɗaga ƙafa sama kamar da, kuma wallahi ƙafar ta yi kyau. Hannu ya fito daga aljihu, ya taso, ya iso daidai kafaɗa ya cije. Bai kai kunne ba. Ƙwallo ta sulale ta faɗi, ta gangara cikin sabuwar ciyawa, ta tsaya ko rabin hanya ba ta kai ba. Kiɗa ya mutu.

Wilmi ya miƙe daga tsugune, ya tako ya ɗauke ta, ya ɗaga ta can sama da kansa da hannun nan mai ɗinki don jama'a su samu abin tafawa. Suka tafa, irin tafin da ake yi a gidan makoki in wani ya faɗi abin dariya.

"Ƙwallon zamani ce," in ji Baba da ƙarfi. "Gubar dalma suke zuba mata."

Washegari ya zo shago bai fasa ba. Nicanor ya tarbe shi da "Sannu da zuwa, Hannun Aljihu!" kuma sunan ya zauna daram. Da Wilmi ya zo wucewa Baba ya yafito shi, ya rage murya.

"Ɗan nan, da hannun nan kake taje kanka?"

"Har aski nake yi da shi, Kaka. Wata mai zuwa ma zan koma jifa."

Baba ya daɗe yana kallon tabon. Can ya maka domino da hagu har kofuna suka yi tsalle.

"Tangaran dai," ya ce.

To ku masu cewa na da ƙarfe ne, kada wanda ya zo mini da labarin rediyo. Ku je gida ku ce wa kakanku ya sauko muku da tukunya daga saman kabad da hannun dama, ku dawo ku faɗa mini abin da kuka gani. Wanda kuma yake da kawu ko uba da ya koma rake, ya rubuto sunansa a nan ƙasa. Ku yi magana mana, ko ku ma hannun ya cije?