Ɗan Tela na Fadamar Iya

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai ta ga hannun kowa da aiki. A gidanmu na ƙauye, can bayan Bwari, da an idar da sallar magariba a farkon damina sai mu jikoki mu taru a madafi, a zubo mana gyaɗar iri mu yi ta ɓarewa, ita kuma tana juya doya a bakin murhu. Ni take zaunarwa kusa da ita, don sunan kakanmu aka sa mini. "Matso, Maigida," take cewa, "miji sai ci, ba noma ba cefane." In kumbura, sauran su yi ta dariya. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar doya sai in ji kamar yanzu za a tsokane ni.

Bayan gidan akwai 'yar fadamarta ta shinkafa. A gefe guda, inda ruwa ke kwanciya, akwai wata ciyawa mai faɗin ganye wadda Iya ba ta yarda a sa wa lauje, tun daga ruwan fari har damina ta yi nisa. A nan wani mitsitsin kwaɗo yake zama, bai fi kan babban yatsa ba, ruwan ɗorawa da ratsin ƙasa-ƙasa. Iya ta raɗa masa suna ɗan tela, saboda ba ya zuba ƙwai a ruwa kamar sauran kwaɗi. Ganyen da ya sunkuya bisa ruwa yake samu, ya naɗe shi da ƙwan a ciki, ya manne bakin. In sun ƙyanƙyashe sai 'ya'yan su zame su faɗa ruwa. Kukansa siriri ne, sai ka kasa kunne kafin ka tsince shi cikin hayaniyar manyan kwaɗi.

Da Iya ta ji kukan nan sai ta ɗaga yatsa, ta ce, "Ga wata tatsuniya nan a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "A buɗe mata ta shigo."

Wai a zamanin da, uwar 'yan tela a ruwa take zuba ƙwai, tarwaɗa kuwa tana lashe su kowace shekara. Da abin ya ishe ta sai ta koyi naɗe su a ganye. Ana nan sai ga wata manomiya da laujenta za ta share bakin fadama. Kwaɗuwar ta yi tsalle ta zauna a kan laujen, ta ce, "Baiwar Allah, ki bar mini wannan ciyawa har 'ya'yana su sauka ruwa. Ni kuma duk shekara zan faɗa miki in damina ta zauna da gaske, kada ruwan yaudara ya sa ki zuba iri rana ta ƙone shi." Suka yi alkawari. Shekara da shekaru matar ba ta shuka sai ta ji kukan, iri bai taɓa ƙone mata ba. Da ta tsufa sai ɗanta ya karɓi gona, mutum mai son ya ga wuri fes. Ya dubi ciyawar ya ce wannan ai ƙazanta ce, ya yanke ta tas, ƙwan suka bushe a rana. Da shekara ta zagayo fadama ta yi tsit. Ya yi shuka da ruwan fari, ruwa ya ɗauke, irin ya ƙone.

A nan Iya take tsayawa, ta fasa doya, ta ce, "Na sauke ta nan, kowa ya ɗebi rabonsa."

Ni dai ban taɓa gamsuwa ba. "Iya, to kwaɗon ya dawo?"

"Maigida da tambaya! Nan uwata ta tsaya, nan na tsaya. Sauran yana wajen mai riƙe da lauje."

Sai in ɗauka rowar labari take yi mini, in ƙi karɓar doyar, ta bi ni da lallashi har in ci.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni na yi karatu, na kama aiki a wata ma'aikata, ina zaune a Wuse da iyalina. Fadamar ta faɗo a rabona, Baba Danladi maƙwabcinmu, wanda ya yi noma kafaɗa da kafaɗa da Iya, yake kula da ita. Shekaru biyu da suka wuce, da farkon damina, na shirya kai yara su ga ƙauye. Sai na riga su zuwa da injin yankan ciyawa a bayan mota, wai in gyara wuri saboda macizai. Ina so ya yi kama da filin gaban ofishinmu. Ko sau ɗaya tatsuniyar Iya ba ta faɗo mini a rai ba.

Na ci fiye da rabin ciyawar lokacin da na hango Baba Danladi yana tahowa da gudu irin na tsofaffi, yana ɗaga hannu. Na kashe injin.

"Oga, haba! Wannan ciyawa ba a yanka shi yanzu. Mama bai gaya maka ba?"

Ya sunkuya ya tsinto wani ganye naɗaɗɗe daga tarin da na yanke, ya buɗe mini a hankali. Ga ƙwai farare a jere, sun fara motsewa. Ya nuna mini gabas da yamma, inda aka cike fadamun mutane da jar ƙasa aka kafa gidaje. "Duk can babu kwaɗon kuma. Ni na zagaya, na saurara. Nan kawai ya rage, wajen Mama."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ashe ɗan nan mai son wuri fes ni ne. Muka wuni muna tsintar naɗaɗɗun ganye muna maƙala su a jikin ciyawar da ta tsira, bisa ruwa. Yawancinsu sun riga sun bushe.

Bara ban ji kukan ba, ko da yake na je sau uku. Bana da ruwa ya zauna na ɗauki 'yata Hafsa muka tsaya a bakin fadamar da almuru, na ba ta tatsuniyar kamar yadda aka ba ni, har inda Iya take tsayawa. Ta ɗago ta ce, "Baba, to kwaɗon ya dawo?" A lokacin na gane Iya ba rowa take yi mini ba. Ƙarshen labarin ba a bakinta yake ba, ta bar mini shi a bayan gida ne, tana fatan in na girma zan tuna.

Muna tsaye sai muka ji shi, murya ɗaya tak, siririya. Na yi murna, amma raina bai kwanta ba, don namiji ne ke kira, kuma ban san ko akwai sauran macen da za ta zo ba.

Bayan kwana huɗu, ina tsakiyar taro a ofis, wayata ta yi ƙara. Baba Danladi ne. Na fita baranda da sauri.

"Oga," ya ce, yana haki, "na ga ganye uku. An naɗe."

Na jingina da bango na daɗe ban koma ciki ba. A raina na ce, Iya, ya dawo. Laujen kuwa, na rataye shi.