Bakin 'Yar Tsana

A layinsu kowa Inna Mai Allura yake ce mata, har mijinta in ya so tsokana. Ɗakin aikinta da can ɗakin ajiya ne, ta kwashe tarkacen ta kafa keken ɗinki a jikin taga. Maigidan, tsohon kafinta, ya buga mata kantoci har kusa da rufi. Ƙyallayen da teloli ke sharewa su zubar, ita takan bi shaguna ta kwaso su a buhu, manyan ta harhaɗa bargo, ƙananan ta cusa musu auduga su zama 'yan tsana.

Baƙo in ya leƙa ɗakin sai gabansa ya faɗi, don 'yan tsanan da ke jere a kan kantocin duk ba su da fuska. Inna ba ta ɗinka fuska sai yarinyar da za a ba ta zauna a gabanta. Za ta yi ta ba ta labarai na ban dariya, yarinya na ƙyalƙyalewa sai ta ƙare mata kallo, ta ɗinka bakin daidai yadda ta gani, mai wushirya da wushiryarta, mai giɓi da giɓinta. Ta sha faɗa cewa allurarta ba ta ƙarya, kuma tana alfahari da hakan fiye da kima.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarta malamar asibiti ta shigo riƙe da hannun autarta. An yi wa yarinyar aiki a leɓe tun tana jinjira, ya bar mata ɗan siririn tabo daga hanci zuwa baki. Tun da ta shiga makaranta ta koyi rufe baki da hannu, ta daina dariya a gaban mutane. Uwar ta matso kusa da kunnen Inna.

"Don Allah, Inna, in ta yi dariyar, ki bar tabon. Kada ki saka."

Abin ya tsaya wa Inna a rai, amma ta gyaɗa kai. Ta jawo bargon da take haɗawa ta ɗora a cinya, tana ɗinki tana zuba labari. Ta kwaikwayi minsharin maigidanta, ta yi muryar akuyar da ta taɓa cinye mata hannun 'yar tsana. Auta ko gezau, hannu na kan baki. Inna ta yi ta surutu har miyanta ya kafe, ranta ya fara ɓaci, don ba a taɓa yi mata haka a ɗakin nan ba.

"To, hajiyar manya, tunda kin ƙi, bari in ɗebo mana ruwa."

Tana miƙewa, bargo ya miƙe tare da ita. Ashe hankalinta na kan yarinya, ta bi ta ɗinke shi tsaf a jikin zanenta. Ta taka, bargo ya ja kwandon ƙyallaye ya kife, ta juya da sauri ta bangaji kantocin, 'yan tsana suka dinga zubo mata a ka. Maigida ya leƙo daga tsakar gida.

"Mai Allura, yau kuma kanki kika ɗinke? Nawa za mu sa miki a kasuwa?"

Auta ta fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum riƙe ciki, hannayen biyu suka bar bakin. Uwarta ma sai da ta share hawaye. Inna ba ta tsaya warware kanta ba, ta zauna a ƙasa cikin ƙyallayen, ta ɗauki 'yar tsana ɗaya ta shiga aiki. Ta ɗinka bakin a buɗe, kumatu sun tasa. Da ta zo wajen leɓen sama allurar ta ɗan tsaya, sai ta tuna alkawari, ta wuce shi sumul. Ta miƙa wa Auta ba tare da ta haɗa ido da ita ba.

Yarinyar ta juya 'yar tsanar, ta kai ta jikin taga ta duba, ta shafa bakin da yatsa.

"Inna, ai ba ki gama ba."

"Me ya rage, 'yar nan?"

"Layina. In babu shi, ta yaya za a san tawa ce?"

Inna ta kalli uwar. Malamar asibiti ta durƙusa ta tona kwandon da ya kife, ta zaro zare mai ruwan hoda. Da kanta ta zura shi a allura ta miƙa wa Inna.