Kwanon Burodi Mai Fitila

Na tsaya gaban alƙalai har na daina lissafi, na yi shari'o'in kamfanoni masu dogayen benaye, kuma yawancinsu yau ko fuskar masu ƙarar ba zan iya tunawa ba. Amma shari'ar burodi mai fitila, wadda na yi a Kaduna ina sabuwar lauya, ita kam ba za ta bar raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan keke a Kakuri, fankarmu tana juyawa ne in ta ga dama. Ogana mutumin Binuwai ne, dogo, mai faɗa da dariya lokaci guda, kuma shari'ar 'yan kasuwa kawai yake karɓa. Lokacin Kakuri tana Kakurinta. Masaƙu na aiki ba tsayawa, in aka busa jiniyar canjin aiki sai titi ya cika da kekuna, masu shayi a bakin ƙofar masaƙa suna ta sheƙa ruwan zafi daga kofi zuwa kofi. Kowane ma'aikaci ya zauna a benci abu ɗaya za ka ji ya ce: "Ba ni mai fitila." Burodi ne da ake liƙa wa 'yar takarda mai hoton fitilar ƙwai, kuma duk kudancin kogin Kaduna babu wanda ya kama ƙafarsa.

Mai gidan burodin wata mata ce daga kudancin Kaduna, kowa Mama yake ce mata. Mijinta ne ya kafa wurin tare da wani Alhaji, ɗan kasuwar fulawa a Tudun Wada. Irin haɗin gwiwar mutanen da ne, aka yi musabaha aka ce Allah ya sa albarka, babu wanda ya rubuta ko harafi. Daga baya 'ya'yan Alhaji suka buɗe nasu gidan burodin a Tudun Wada da wannan tambarin, ba wanda ya ce uffan. Sai mijin Mama ya rasu, fulawa kuma ta yi wuya a gari, kasuwa ta matse. Kwatsam sai ga sammaci da sunan Alhaji, wai marigayin ma'aikacinsa ne kawai, aron tambarin aka ba shi, aro kuwa ya ƙare da mutuwarsa, don haka kotu ta hana Mama liƙa fitila a burodinta.

Wanda bai san kasuwar ba, zai ce 'yar takarda ce. Amma masu shayi ba Mama suke saye ba, fitila suke saye. Ranar da aka cire hoton nan, ranar tandarta za ta huce, ita da 'ya'yanta da ma'aikatanta su kama gabansu. Oga ya tura mini fayil ɗin ya ce, "Ke 'yar gari ce, kin fi ni jin Hausar Alhazai. Je ki gwada haƙoranki."

Zaman farko a babbar kotu, can tsallaken gada, na sha kashi. Lauyansu tsohon hannu ne, hular lauyansa har ta yi ja don daɗewa, tawa kuwa fara fat, kowa ya gani ya san jiya aka saye ta. Babban ɗan Alhaji ya shiga akwatin shaida ya ce tun yana ƙarami, kullum safiya, burodin farko da ya fito daga tandar Kakuri gidansu ake kai wa, a cikin kwano, kuma har gobe ba a fasa ba. Lauyan ya juyo ya dubi alƙali yana murmushi, ya ce wa ke kai gaisuwa kullum in ba yaro ga ubangidansa ba? Na ga alƙali ya sunkuya ya rubuta.

Da muka fito na tare Mama a gindin bishiyar mangwaron harabar kotu. Na ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba? Daga gobe a daina kai burodin nan. Da hannunki kike ba su sandar dukanki."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Barista, Baban yara bai taɓa fashi ba. Ranar da muka kai shi makwanci ma an kai. Ni ce zan fasa?"

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce mata taurin kai zai rufe mata tanda. Ko gezau. Ni kuwa a lokacin zuciya ce da ni kamar ashana, yanzu ma ba wai ta tafi ba ne, tsufa ne ya ɗan danne ta. Na ƙudura cewa da sassafe zan je da kaina in tsare kwanon.

Na makara. Ko da na isa, motar rabo ta riga ta fita. Na zauna a kan buhun fulawa ina huci, Mama ta miƙo mini shayi da burodi mai zafi, wanda in ka tsaga shi tururi ke tashi. Wallahi har yau ban ƙara cin irinsa ba. Ina cikin ci direba ya dawo, ya ajiye wani babban kwanon samira mai murfi, duk bakinsa ya ɓantare, ya wuce abinsa. Mama ta goge hannu a zani, ta ɗaga murfin, ta leƙa, ta mayar ta rufe.

Na ce, "Mama, me kike nema a kwanon da ba komai?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Sabo ne, 'yata. Da ba ya dawowa haka. Yau ƙosai, gobe dambu, ran Juma'a waina. Da Babbar Sallah kuwa sai direba ya kama shi da hannu biyu. Tun da aka fara kes ɗin nan ne yake dawowa a wanke."

Na ajiye kofin. Nan take na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, yadda take tsayawa a bakin madafa tana cewa kar wanda ya kuskura ya mayar da kwanon maƙwabta haka nan, ko ƙuli-ƙuli ne a jefa a ciki. Duk wadda ta tashi a gidan Hausawa ta san bambancin. In ƙarami ya kai wa babba gaisuwa, ɗan aike ake ba tukwici, shi ke nan. Amma a zuba abincin gida a mayar, kullum, shekara da shekaru, wannan sai tsakanin aminai. Lauyansu ya ga tafiyar kwano, bai tambayi dawowarsa ba.

Da na gaya wa Oga, sai da ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Wato da waina za ki je gaban mai shari'a? A wane littafin doka aka rubuta waina?" Gaskiyarsa ne, kwano ba hujja ba ne a doka. Amma Alhaji da kansa zai shiga akwati a zama na gaba, kuma abin da mai ƙara ya furta da bakinsa ya fi kowace takarda nauyi. Daga ƙarshe Oga ya ce in gwada, amma da na samu abin da nake nema in zauna, kar in ƙara ko tambaya ɗaya.

Ranar zaman, Alhaji ya shigo yana dogara sanda, farin tsoho mai tsabta, 'ya'yansa biyu a bayansa. Bai dubi inda Mama take ba. Lauyansa ya bi da shi a hankali ta bakin tafinta, domin da Turanci ake shari'ar. Ana kawo burodi? Ana kawowa. Kullum? Kullum. Lauyan ya zauna yana gyara riga kamar an gama.

Na miƙe. Na ce a tambayi Alhaji, kwanon da ake kawo burodin, haka nan yake komawa?

Lauyansu ya zabura ya ce kotu ce nan, ba kicin ba. Aka yi dariya. Alƙali ya ce ai lauyan ne ya fara kawo zancen kwano, don haka a bar ni. Amma Alhaji bai ma jira tafinta ya ƙarasa ba. Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ransa a ɓace, ya ce, "Haba 'yar nan! Haka nan kuma? Daga gidana?"

Na tambaye shi me ake zubawa. Ya shiga lissafowa da alfahari, ƙosai, dambu, waina, har da wani kilishi da yake sa a kawo daga nesa domin marigayin yana sonsa. Tafinta na fama da yadda zai faɗi dambu da Turanci, alƙali na danne murmushi. Na ce, Alhaji yana da ma'aikata a shagon fulawa, su ma ana aika musu waina ran Juma'a?

"A'a. Su ai albashi ake ba su."

"To shi marigayin me ya sa?"

Alhaji ya dubi kan sandarsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Shi ba yarona ba ne. Ni na kawo fulawa, shi ya kawo hannu. Fitilar ma tasa ce. Da ita yake leƙa cikin tanda kafin a ja mana lantarki, ni na ce a sa hotonta a takarda."

Na samu abin da na zo nema. Ina jin Oga yana jan gefen rigata ta baya, alamar in zauna. Amma hoton Mama tana ɗaga murfin nan ya ƙi barin raina, kuma na gaya muku halina. Na ce a tambayi Alhaji, yau da safe an kawo burodi?

"An kawo."

"Me aka mayar?"

"Abin da aka saba mana," in ji shi, ko shakka babu a muryarsa.

Sai a lokacin ya dubi Mama, kamar mai neman ta gaskata shi. Mama ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zaninta. Ya juya ya dubi 'ya'yansa. Babban ya kafa ido a ƙasa, ƙaramin ya shiga gyaran agogo. Ashe tsohon bai sani ba. Daga baya muka ji cewa yaran ne suka hana a zuba komai, suna karɓe kwanon tun daga zaure, kuma su ne suka ce masa Mama na shirin sayar da fitilar ga wasu baƙi, shi ya sa ya yarda aka kai ƙara. Ban taɓa ganin kunya ta rufe babban mutum irin ta ranar ba, har sai da na ji tausayinsa ya kama ni.

Ya ɗaga kai, ya manta da tafinta, ya ce wa alƙali da Hausa, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini in je gida. Akwai abin da ya lalace, kuma ba a nan ya lalace ba."

Aka ɗaga zaman domin sulhu. Kafin mako ya zagayo mun rubuta yarjejeniya, wadda ya kamata a ce an rubuta tun farko: fitila ta gidaje biyu ce, Kakuri da Tudun Wada, kuma babu mai sayar da ita sai da yardar ɗan'uwansa. A mota Oga ya wanke ni tas a kan tambayar ƙarshe, ya ce da tsohon ya birkice da na zubar da duk abin da na tara. Da muka hau gada kuma sai ya ce, yana kallon ruwa, shi ma da ya so ya ji amsar.

Ranar da na kai wa Mama takardar ta sa hannu, da safe na je, don na san zan samu mai zafi. Motar rabo ta dawo ta tsaya, amma direba bai fito da kwano ba. Ƙofar gaba ce ta buɗe, sai ga Alhaji yana saukowa da ƙyar, sanda a hannu ɗaya, kwanon samira rungume a ƙirjinsa. Mama ta ruga ta durƙusa tana cewa, "Baba Alhaji, da kanka?" Ya miƙa mata ya ce, "Karɓi, ya yi mini nauyi." Ta ɗaga murfin. Waina ce har baki, alhali ranar ba Juma'a ba ce. Muka zauna a kan buhunan fulawa muka ci, shi yana ba da labarin yadda suka gina tandar da laka, ita tana gyara masa inda ya manta.

Yau masaƙun sun yi shiru, jiniya ta daina kuka, inda tandar take an yi shaguna. Alhaji da Mama da Oga duk sun riga mu gidan gaskiya. In na bi ta Kakuri nakan rage gudu a daidai wurin, in ji kamar ƙamshin zai fito, sai mai Keke Napep ya danna mini hon.

Abin da shari'ar nan ta koya mini shi na riƙe har na ajiye baƙar riga. 'Yan kasuwa biyu ba sa isa gaban alƙali sai wani abu ya daina wucewa tsakanin gidajensu, kuma sau da yawa ba ya cikin fayil. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da ƙarar abokin cinikinsa, kafin in buɗe littafin doka nakan ce ya zauna, in tambaye shi me suka saba aika wa juna, kuma yaushe kwanon ya fara dawowa a wanke.