Dakalin da Rezo Yake Kamawa

Duk unguwar Kilomita Biyar, kai har ka gangara unguwar Kokoro, ba a taɓa yin lauya, ko Metir kamar yadda ake kiranmu a nan, mai bakin sulhu irin nawa ba. In na gyara murya, kura da akuya sai su ci tuwo a kwano ɗaya. Haka nake faɗa wa kowa, kuma hujjata ita ce abin da ya faru shekarar korona.

A shekarar kotu ta yi ta ɗage shari'o'i, ƙungiyarmu ta lauyoyi kuma ta aiko da takarda: a daina tara jama'a a buro, wato ofis, abin da zai sasantu a sasanta shi, ta waya in da hali. Na ajiye bokitin ruwa da sabulu a ƙofa, na ɗaura takunkumi. A faɗin fuskata sai ya zama kamar an rufe tukunyar biki da murfin buta.

Dattawan unguwa suka kawo mini rigimar wa da ƙane, masu sayar da atamfa a kasuwa. Shago ɗaya mahaifinsu ya bar musu. Ƙanen ya ce a ja bango a tsakiya kowa ya kama gabansa, har ya sauke bulo a ƙofa. Wan ya ce sai dai a ɗora harsashin a kan gawarsa. Shekara guda ko sallamar juna ba sa amsawa, magini kuma zai fara aiki ran Litinin.

Ran Asabar da hantsi na haɗa mu kiran bidiyo, kowa daga gidansa. Na sa baƙar rigata ta kotu, har turare na fesa, saboda waya.

Gaisuwa kaɗai ta kusa cinye batir. Muna zuwa kan magana sai wan ya ce, "Metir, bakinka kawai nake gani yana motsi kamar na kifi. Bari in nemo rezo, layin waya ba ya kamawa sosai a nan."

Ƙanen ya ce, "Ni ma nan ɗin sai a hankali. Ina zuwa."

Na yi ta kallon rufin kwano, sararin sama, hancin mutum, ƙafar ɗan acaɓa. Can sai ga fuskokinsu sun dawo, kowa ya yi tsit, ido a kaina, ko ƙiftawa babu. Na ce alhamdu lillahi, jikinsu ya yi sanyi.

Na buɗe wuta. Na fara da Hausa, na tsallaka Faransanci don su san ba a banza na yi karatu ba, na sauko Sango, yaren gari, na jawo aya a kan zumunci. Na tuna musu yadda marigayin yake auna yadi da hannu ya ƙara wa mai saye taki ɗaya. Wallahi ni da kaina sai da na share hawaye da hannun riga. Ban taɓa samun masu sauraro irinsu ba, ko tari babu wanda ya yi.

Ina tsakiyar rufewa na ji ana sallama a waje. Na leƙa. Ga su nan su biyu a gaban bokitina, ƙanen yana zuba wa wan ruwa yana wanke hannu. Na dubi wayata: suna ciki, sun ƙura mini ido. Ashe hoton ne ya daskare tun tuni.

"Yaya aka yi haka?"

Ƙanen yana dariya ya ce, "Metir, ka manta? Duk unguwar nan wuri ɗaya rezo yake kamawa da kyau, dakalin mai kayan gini a Titin Koudoukou. Na zauna a wannan gefe ina ta alo alo, sai na ji wata murya a wancan gefe tana tsine wa waya, sak irin ta Baba. Na juya, sai ga Yaya, ya kifa wayar yana jijjiga ta. Na ce, Yaya kawo in gyara maka. Ya ce, kai da ba ka iya gyara halinka ba?"

"Daga nan fa?"

"Muka yi ta zagin rezo tare. Sai ya ce in kwashe bulona in gina wa Inna ɗakin girki, nata yana yoyo. Na ce to."

Daɗi ya kama ni har na manta da doka, na miƙa hannu, suka ja da baya suka dafe ƙirji. Na gyara rigata na ce, ai dama na san jawabina ba ya faɗuwa ƙasa banza, wace gaɓa ce ta fi ratsa su?

Wan ya yarfe ruwan hannunsa, ya dube ni ta saman takunkumi.

"Metir, ko kalma ɗaya ba mu ji ba. Allah ne ya rufa asiri. Da mun ji ka, da yanzu bangon ya kai rufi."